Gorar Yumɓu ta Matan Hopi

Tun da na ga hoton gorar ruwan ƙabilar Hopi ta Arizona, can Amurka, take yi mini yawo a rai. Bayanta shafaffe ne don ta kwanta a gadon baya, cikinta ya turo, ga kunnuwa biyu na zarga igiya. A da, da ita mata ke hawo da ruwa zuwa ƙauyukansu bisa tsauni. Manyan, masu shan wahalar, galibi ba su da ado. Da jirgin ƙasa ya iso yankin a shekarun 1880, sai ƙananan suka yawaita don masu yawon buɗe ido, an zane su da ja da baƙi, har da fuskokin dodanninsu (wai katsina suke kiransu!). Ni kam babbar nake son in goya, in ji nauyinta cike.