Wane ne yake fata?

Tun ina lise na zama marubucin maƙwabta a unguwarmu ta Damagaram. Duk mai neman aiki ko fili, ni yake kawo wa takarda da tambur, kuma kusan kullum da jimla ɗaya nake rufewa: «En espérant une suite favorable, veuillez agréer…». Sai a shekarata ta farko a jami'a wani malaminmu ya ja mata jan layi, ya tambaye ni: «Wane ne yake fata a nan?» Na ce ni ne. Ya ce: «Nahawu bai gan ka ba. Mai aikin veuillez shi ne darakta, ke nan shi ka sa yana fatan amsar da shi kansa zai bayar.» Abin da ya kamata in rubuta shi ne je vous prie d'agréer.

Na daɗe ina juya wannan gyara. Bahaushe ba ya ɓatar da mai aiki. In ya ce «ta shigo tana dariya», kalmar tana ta riga ta faɗi ko wace ce. Faransanci kuwa yakan naɗe aikin cikin -ant, babu mutum, babu lokaci, ya bar wa babbar jimla ta bayyana mai shi. Nan muke tuntuɓe.

Tuntuɓe na biyu ya fi cin maki a dikte. Des enfants obéissant à leurs parents ba ya ɗaukar s, domin aiki ne ake cikin yi: yara suna yi wa iyayensu biyayya. Des enfants obéissants kuwa hali ne, yara masu biyayya, don haka ya bi jam'i. Wani lokaci har rubutun yakan canza: fatiguant da fatigant, négligeant da négligent. Dokar ma ba tun fil'azal take ba. A 1679 ne Académie française ta yanke cewa participe présent ya daina bin jinsi da adadi, kuma ragowar tsohon salon yana nan a bakin alƙalai, irin su les ayants droit.

Yanzu kafin in sa -ant, sai in mayar da jimlar Hausa a zuciyata, in ji ko ina ne, ko yana, ko masu. Dabarar ba ta warware kowace matsala, amma ta tsare ni sau da yawa. Takardun da na riga na rubuta wa maƙwabta kuwa suna can cikin ofisoshi, darakta yana ta fata.