Gurnanin Da Muke Sha'awa

Mu da muka taso tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da kunne muke sanin inji. Tun muna yara muke rarrabe kukan injin ban-ruwa a fadamar shinkafa da na babur ɗin ɗan kabu-kabu, kuma idan mota ta tsaya tana kakkarwa, sai mu ce silonta ya lalace, a kai ta wajen bakanike. Yanzu kuma ga mu muna kallon bidiyon motocin Amurka a waya, mota tana tsaye tana gurnani, tana sarƙewa kamar za ta mutu, mu kuma muna cewa ina ma tamu ce.

Wannan gurnani daga kamshaf yake fitowa, sandar nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe bawul. A injin da ke aiki da bugu huɗu, sai karanshaf ya juya sau 2 kafin kamshaf ya juya sau 1. Siffar ƙusumbin ce ke yanke lokacin da bawul zai buɗe, da zurfin buɗewar, da daɗewarta. Akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi suke buɗe tare. A motar gida lokacin gajere ne. A kamshaf na tsere ana tsawaita shi da gangan, domin idan inji yana gudu sosai, hayaƙin da ke fita yakan janyo sabuwar iska, ƙarfi ya ƙaru.

To, a silo babu wannan gudun. Hayaƙi sai ya koma baya ya gauraya da iska da mai, wani bugun ya kama wuta da kyau, wani ya kama rabi. Gurnanin ke nan: inji ne yake tuntuɓe. Motar da ta saba tsayawa lafiya a juyi 700 ko 800 a minti, sai an ɗaga ta zuwa 1,000 ko fiye kafin ta daina mutuwa.

Kuma abin bai tsaya ga sauti ba. Zuƙon da inji ke yi a silo shi ne ke taimaka wa birki a yawancin motocin fetur. Idan ya ragu, birki yakan yi tauri, daidai lokacin da ake tafiya a hankali cikin kasuwa, yara da babura na gilmawa. Ga zafin Afrilu, a kunna na'urar sanyi inji ya ƙara nauyi. Ga kuɗin mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023.

Mu masu rubuta manhaja akan tambaye mu ko kwamfutar mota ba za ta gyara wannan ba. Tana iya ɗaga silo, ta sauya lokacin tartsatsin fulogi, ta daidaita mai. Ba ta iya sauya siffar ƙarfe. Shi ya sa Honda ta fito da VTEC a 1989, inda kamshaf ɗaya ke ɗauke da ƙusumbi iri biyu, na tafiyar gari da na gudu. Toyota kuma ta kawo VVT-i a 1995, mai karkata kamshaf gaba ko baya yayin da inji ke aiki. Yawancin Corolla da Camry da ke yawo a titunanmu suna da shi.

Son gudu ba baƙo ba ne a wurinmu. A bikin kamun kifi na 2020 har jerin gwanon motoci aka yi daga Abuja zuwa Argungu. Amma biki kwanaki kaɗan ne. Sauran shekara motar nan ita za ta kai Inna asibiti, ta tsaya a shingen bincike, ta jira yara a ƙofar makaranta. Duk wanda zai kashe kuɗinsa a kan kamshaf, ya fara lissafa awa nawa motarsa ke yi tana gudu da gaske, awa nawa kuma take yi a tsaye ko tana rarrafe cikin gari.