Dalilin Da Ya Sa Har Yau Ban Rabu Da Tsohuwar Motata Ba



Bayan taronmu na Lahadin da ta wuce, wani matashinmu ya tare ni a ƙofar masallaci yana dariya, ya ce, "Sakatare, don Allah yaushe za a yi wa tsohuwar nan ritaya?" Motata yake nufi, Peugeot 504 ɗin da kowa a Sabo ya san ƙararta tun kafin ta ƙaraso. Ba shi ne na farko ba, ɗana ma yakan roƙe ni in sauke shi nesa da ƙofar makaranta. Shi ya sa na ga gara in ba da amsa a nan.

Motar ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa. Da kuɗin goro ya saye ta, haɗin Kaduna, inda aka fara haɗa Peugeot tun 1975. A cikinta na koyi tuƙi a hawan Mokola, yana zaune gefena yana cewa, "Ka saurari injin, shi zai gaya maka lokacin canja giya." Giyarta huɗu ce, gilashi da hannu ake murɗawa, sanyinta kuwa iskar Allah ce.

Abin da ke mini daɗi shi ne ba ta ɓoye mini komai. Idan maleji ya kai 80, ina jin sa a sitiyari da kunnena, na san gudu nake yi. Idan zan wuce tirela sai na hango hanya da nisa, na yi lissafi, na rage giya, don na san ba ta da ƙarfin da za ta fitar da ni idan na yi ganganci. Na taɓa tuƙa sabuwar motar wani aminina a hanyar Legas, muna hira kawai na duba na ga 140, wallahi ban ji komai a jikina ba. Ranar na tsorata.

Sallar bara da ita muka je Kano, ni da iyali. Muka bi Oyo, Ogbomoso, Ilorin, muka kwana a hanya. Dab da Jebba fanbel ya tsinke, wani bakanike na gefen titi ya canja shi da sifana biyu cikin rabin awa, babu maganar jona kwamfuta. Kafin ya gama, yara sun ci soyayyen kifi, da muka hau gada kuma suka kalli Kogin Kwara son ransu. Har yau labarin da suke bayarwa ke nan.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Tana shan mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kuwa sai na yi tunani kafin in tada ta. Ba ta da jakar iskar nan da ke kare mutum a haɗari, kayan gyaranta na asali ma sun fara wuya. Don haka ban ce kowa ya je ya nemi irinta ba.

Amma ni ke riƙe da littafin ƙungiya, ni ke rubuta sunaye duk lokacin da aka yi karo-karon asibiti ko ta'aziyya bayan tafiyar Sallah. Doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce 100 a babbar hanya mai tagwaye. Tawa ko na so da ƙyar take kaiwa, taka kuwa kai ne za ka hana ta. Masu shirin tafiya gida bana, sannu ba ta hana zuwa.

Tsohuwa dai tana nan, ba ta sayarwa ba ce. Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya.

Naku,
Sakataren Ƙungiya