Ƙofa Mai Makullai Huɗu a Birnin Fas

 

A cikin tarihin gidajen ilimi na Musulunci, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar ɗakin karatu na Alƙarawiyyin da ke birnin Fas na ƙasar Maroko. Masallacin da ya haifi wannan jami'a, kamar yadda malaman tarihi suka ruwaito, wata baiwar Allah ce mai suna Fatima al-Fihri ta gina shi a shekarar 859. Shi kuwa ɗakin littattafan, Sarki Abu Inan na daular Banu Marin ne ya kafa shi a 1349, daga baya Sarki Ahmad al-Mansur ya faɗaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 16.

Ginin yana da tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa, da bango mai ado da ƙananan tayil masu launi, da katako mai sassaƙa, da koren rufi. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne ƙofar ƙarfe ta taskar rubuce-rubucen hannu. Makullai huɗu gare ta, kuma a zamanin da, kowane mabuɗi yana hannun mutum daban, ba a buɗe ta sai dukkansu sun hallara. A wannan ɗakin karatu ana ajiye littattafai kimanin 4,000, ciki har da tsohon Alƙur'ani da rubutun Kufi, da Muwaɗɗa ta Imamu Malik wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, da littafin tarihi na Ibn Khaldun wanda shi da kansa ya bayar waƙafi.

Da danshi ya fara cin ginin yana barazana ga takardun, sai aka damƙa gyaransa ga Aziza Chaouni, 'yar asalin Fas, a 2012, aka kuwa yi masa magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa.

Ni dai darasin da na ɗauka shi ne, magabata sun riƙi littafi a matsayin amanar al'umma, wadda mutum ɗaya bai isa ya riƙe ba. Mu kuwa yau, ɗaruruwan littattafai na kwance a wayoyinmu, babu makulli, babu mai gadi. Tambayar da nake yi wa kaina, nake kuma yi muku: guda nawa muka karanta daga farko har ƙarshe, a gaban malami? Mu zaɓi ko da ɗaya ne, mu sauke shi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya jiƙan waɗanda suka tsare mana shi. Amin.