Tarifa, Garin da Tsohon Allo ba ya Mutuwa

Daga Tanja ta Maroko, tafiyar kimanin awa guda ce a jirgin ruwa zuwa Tarifa, garin da ke can ƙarshen kudancin Sifen. A inda mashigin tekun ya fi tsukewa, kilomita 14 ne kacal tsakanin Turai da Afirka, har da daddare kana hango fitilun Maroko. Garin ya samo sunansa daga Tarif ibn Malik, wanda ya sauka a wurin a shekarar 710, kuma ganuwar da Halifa Abdurrahman na Uku ya sa aka gina a 960 tana nan tsaye a bakin tashar jiragen ruwa. Amma wanda ke mulkin Tarifa a yau iska ce. Idan ta taso daga gabas sunanta Levante, mai ƙarfi da fizga, tana watsa wa mutum yashi har cikin kunne. Idan daga yamma ta zo sunanta Poniente, mai sanyi da natsuwa. Duk wanda ka gaisa da shi da safe, maganarsa ta biyu a kan wadda za ta busa ce.

Saboda wannan iska masu wasan allon ruwa suka mamaye garin tun shekarun 1980. Na farkon su ne masu allo mai jigo da ƙyalle, irin wanda Jim Drake da Hoyle Schweitzer suka nemi rajistarsa a Amurka a 1968. Daga baya laimar iska ta shigo, wadda 'yan'uwan nan biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka nemi rajistar samfurinta mai hurawa a 1984. Yanzu idan ka tsaya a gaɓar Los Lances ko Valdevaqueros da la'asar, sama cike take da laimomi launi-launi, kowace na jan mutum a ƙarshen igiyoyi masu tsawon mita ashirin da ɗoriya. Tsofaffin allunan masu jigo kuwa da yawansu sun koma jingine a bayan gidaje, rana na cin fentinsu.

Abin da ya kama zuciyata a garin yana cikin wani gareji a bayan gari, inda wani dattijo mai furfura ke yanka irin waɗannan alluna yana mayar da su na tseren laima. Na tarar da shi ya ɗora wani tsohon allo mai faɗi a kan jakai biyu na katako. Kafin ya taɓa zarto sai da ya aza shi a sikeli, sannan ya bi shi da ƙwanƙwasa da bayan yatsa tun daga hanci har wutsiya, kunnensa a kusa. Ya bayyana mini cewa cikin allon farin soso ne marar nauyi, an lulluɓe shi da faiba da gam mai tauri. Idan ruwa ya taɓa shiga ta wata tsaga, soson ya sha, nauyi zai ƙaru, kuma inda fatar ta rabu da soson ƙararsa daban take. Allon da ya sha ruwa sai ya yi makonni yana tsanewa kafin a yi masa komai.

Dalilin yankan shi ne abin da ya fi burge ni, domin ilmi ne tsantsa. A allo mai jigo, ƙarfin iska yana bi ta gindin jigon ya danne tsakiyar allon. A wasan laima babu jigo. Laimar tana jan ɗamarar da ke ƙugun mutum, ƙarfin ya gangara ta ƙafafunsa. Saboda haka dogon hancin nan ya zama kaya kawai, iska na kama shi tana ɗagawa. Sai dattijon ya ja layi da fensir, ya datse gaban, ya bar abin da bai kai mita biyu ba, gwargwadon allunan tseren laima na da, waɗanda dokarsu ta tsaya a tsawon santimita 190 da faɗin 70. Ya dawo ya sassaƙa sabon hanci a cikin soson, yana gogawa da samfefa, yana shafawa da tafin hannu, har ya ɗan ɗaga sama yadda ba zai caki igiyar ruwa ba. Ramin jigon ya cike shi ya shafe.

Aikin gaske yana ƙarƙashi. Allon laima na yau da kullum da gefensa ake yankan ruwa. Na tsere kuwa a shimfiɗe ake tuƙa shi, fikafikan da ke ƙasa su ne ke riƙe shi kada laima ta ja shi gefe, su ne kuma ke ba shi damar haurawa ta inda iska ke fitowa, wanda a nan ake cin tsere ko a faɗi. Tsohon allon fiffike ɗaya gare shi a wutsiya. Dattijon ya ƙara biyu a gaba, kowanne ya ɗan karkata waje, tsawonsu wajen santimita 40. Farin soso ba zai iya riƙe irin wannan nauyi ba, don haka sai ya haƙa rami, ya dasa guntun soso mai tauri wanda ya taɓo fatar sama da ta ƙasa, sannan ya zaunar da gidan fiffiken a ciki. Na ga ya auna kusurwar, ya ja baya ya runtse ido ɗaya, ya sake aunawa kafin ya zuba gam. Gam ɗin ma efoksi ne kaɗai, domin ɗaya nau'in mai araha, foliyesta, narkar da farin soso yake yi nan take. Maɗauran ƙafa su ma an sake musu wuri daidai inda mahayin zai tsaya.

Wanda ya san Panteka ta Kaduna zai gane wannan hannu da ganin farko. Abin da ya ƙara mini girmansa shi ne yadda yake koyarwa. Allon na wani saurayi ne da ke aikin wanke kwanuka a wani gidan abinci, kuma dattijon bai karɓi aikin ya ce masa ya dawo jibi ba. Ya miƙa masa samfefa da abin rufe hanci, ya sa shi gugar gefen, yana gyara masa riƙo.

Bai kuma ɓoye masa gaskiya ba. Allon ya fi na kamfani nauyi, kuma manyan 'yan tsere sun daɗe da komawa allo mai dogon sanda da fiffike a ƙasa wanda ke ɗaga mahayi sama da ruwa. Da irinsa aka yi tseren laima na farko a gasar Olamfik, a Marseille a 2024, inda Valentin Bontus na Ostiriya da Ellie Aldridge ta Birtaniya suka ci zinare. Kuɗin wannan kaya ya fi ƙarfin mai wanke kwanuka. Amma dabarun tsere, wato karanta iska, zaɓen lokacin juyawa da kewaya alama, duk ana koyonsu a kan allon da aka yanka.

Na ga wani allon da aka gama a wata ranar Poniente mai rauni, lokacin da yawancin masu ƙananan alluna ke zaune a yashi suna jiran iska ta ƙaru. Wata yarinya ta shiga da shi, faci-facin faiba a bayyane ba ko fenti. Faɗinsa ya ɗauke ta nan da nan, ta nufi cikin teku tana haurawa, ta juyo, ta sake komawa, ita kaɗai a kan ruwan.

Mai karatu, idan Allah ya kai ka Tarifa, ka kalli laimomi a Valdevaqueros ka more, amma ka ware yamma guda ka zaga garejojin bayan gari. Inda ka ji warin gam da ƙarar samfefa, ka yi sallama ka shiga.