Kiɗan da Mai Gyaran Rediyo Ya Ƙirƙiro

Abokan ɗakina sun sha tambaya ta: "Wai kai mi kake ji cikin kiɗan da babu waƙa?" Suna nufin dub, wani reshe na rege da ya fito daga Jamaika. Tunda saura 'yan watanni mu bar makarantar nan, bari in ba su amsa a rubuce, don ta shafe mu duka.

Na fara jin dub ne lokacin SIWES, a shagon wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a garinmu Kalgo. Duk lasifikar da ya gyara, da shi yake gwada ta. Ya ce min, "Yaro, in takardar lasifika ta tsage, bas ɗin nan ne ke tona mata asiri." Tun ina saurare don aiki, har na koma ina saurare don daɗi.

Asalin abin, a bayan faifan garmaho ake sa shi. Gaba waƙa, baya kiɗanta. Injiniya zai zauna gaban na'urar haɗa sauti, ya zare muryar mawaƙi, ya bar ganga da bas kawai. Sai ya saki jita ta yi ƙara sau ɗaya, ya bi ta da amsa-kuwwa, ta yi ta maimaituwa tana nisa, kamar ka yi kira cikin rijiya. Can sai komai ya ɗauke ɗif, kamar an ɗauke wuta. Kana cikin jira sai ganga ta faɗo, ka ji ta har ƙirji. Gwanintar duka tana wurin sanin abin da za a cire da lokacin da za a maido shi.

Mai son gwadawa ya nemi King Tubbys Meets Rockers Uptown na 1976, wanda King Tubby da Augustus Pablo suka yi. Daga nan ya bi da East of the River Nile na 1977, inda Pablo ke busa melodika, wani ɗan abin busa mai madannai, muryarsa siririya mai sa kewa. Super Ape na Lee Perry, shi ma na 1976, ya fi su duhu da cunkoso, sai kunne ya saba.

Kuma wallahi kunnen Bahaushe bai kamata ya yi baƙunta a nan ba. Ɗan dambe yana jin takensa a kalangu, tun makaɗi bai buɗe baki ba, jikinsa ya ɗauki tsuma. Mun san kiɗa na magana. Ni da dare, in ina fama da lissafin da'irar lantarki, dub nake sawa, don babu baitin da zai yi kokawa da abin da nake karantawa.

To, ga abin da ya fi riƙe ni. King Tubby, wanda sunansa na yanka Osbourne Ruddock, ba mawaƙi ba ne. An haife shi a 1941, kuma sana'arsa gyaran rediyo, naɗa taransifoma da haɗa amfilifaya. A ɗan ƙaramin sitidiyonsa da ke unguwar Waterhouse a Kingston ya yi wannan aiki, da na'urar da ya saya hannu na biyu. Yaran shagonsa, irin su Scientist da Prince Jammy, su ma sun zama gwanaye. An harbe shi a 1989, amma har yau masu haɗa sauti a Ingila da Amurka da sauran duniya suna cin gajiyar dabarunsa.

Mu 'yan Kalgo jami'ar tarayya tana ƙofar gidanmu, don haka ba na rasa mai ce min, "Har yanzu kana foli? Yaushe za ka shiga jami'a?" Da yawanmu muna jin irin wannan, har wasu na ɓoye kayan aikinsu in za su shiga gari. Ni kam zan ci gaba da karatu in Allah ya ba da iko, amma ba don ina kunyar ƙarfen soda da mita ba. Mutumin da ya san cikin na'ura ciki da bai shi ya san abin da za ta iya yi wanda ko maƙeranta ba su hango ba.

Don haka duk wanda ke so, ya zo da katin memori kafin mu gama jarrabawa, in tura masa. Amma ya nemi lasifika mai kyau ko abin sawa a kunne. Lasifikar waya ba ta ɗaukar bas, kuma in babu bas, rabin maganar ya tafi.