Jakin Goge da Hutun Oberlin

Ranar Juma'a, idan kasuwar Wudil ta cika, ana iya tattara mafi yawan kayan da ake haɗa goge tsakanin kara da unguwar Sabon Gari: ƙwarya mai kauri wadda ta bushe sarai, sanda, izgar doki da ƙaro. Fatar guza ce sai an nemi maharbi. Abin da ya fi wuyar samu shi ne hannun da ya san yadda ake ɗaure fatar har ta yi magana.

Goge tsarkiya ɗaya gare shi, ita ma gashin wutsiyar doki ce. Ana shimfiɗa fatar a bakin ƙwarya, a huda ta gefe guda don sauti ya sami mafita, sannan a ɗora ɗan itacen da ake kira jaki a ƙarƙashin tsarkiya. Sunan ya dace, domin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke kai girgizar tsarkiya ga fata. A goce shi da faɗin ɗan yatsa, muryar gogen ta sauya. Ba a rubuta wannan awo ba; a kunne da yatsu yake zaune.

Turawa ma suna da babban goge da ake kira kwantarabas, wanda ake kaɗawa a tsaye saboda tsayinsa ya kusa mita biyu. Tsarkiyarsa huɗu, mafi kaurinsu tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa. Katako ne ke yin aikin fata a jikinsa, kuma a cikinsa akwai wani ɗan turke tsakanin gaba da baya wanda Faransawa ke kira ruhin gogen. Amma abin gogawar izgar doki ne, kuma sai an shafa masa ƙaro, daidai da na Wudil.

Bambancin yana wajen koyarwa. A garin Oberlin na jihar Ohiyo a Amurka, maƙeran irin waɗannan goguna kan taru lokacin dogon hutu, su yi kwanaki suna fafe katako tare, suna auna kauri, kowa na kallon hannun ɗan'uwansa. Abokan gasa ne a kasuwa, duk da haka suna buɗe wa juna sirri. A ƙasar Hausa kuwa makaɗi ne yakan haɗa abin kiɗansa, ya koya wa ɗansa ko baransa, in ya ga dama. Ga kuma tabon da aka daɗe da shafa wa goge na alaƙa da bori da gidajen magajiya, wanda ya sa ɗan mai goge kan gwammace wata sana'ar. Da fiyano ya mamaye ɗakunan haɗa waƙa na Kano, sai buƙatar ta ƙara ja baya. Ana jin kukumar Garba Supa da gurmin Haruna Uji a waya, ana jin kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Faifai ya adana sauti, bai adana yadda aka fafe ƙwaryar ba.

Nijar ta ga irin wannan asara tana tafe. Malam Maman Barka, magurmi kuma ma'aikacin cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, ya je gaɓar Tafkin Chadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, wajen Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwaninsa na ƙarshe. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru, da bai tarar da malamin ba.

Wudil tana da jami'ar kimiyya da fasaha, inda auna sautin ƙwarya da fata ba zai gagara ba. Sai dai kwaikwayon kalandar Oberlin kuskure ne. Dogon hutunsu daminarmu ce, lokacin da manomi ke gona, fata kuma ke shan raɓa ta saki, har sai makaɗi ya kanga ta ga wuta kafin ya fara. Lokacin irin wannan zama shi ne bayan kaka, sa'ad da duma ya bushe, iskar hunturu ta ɗame fata, dattijon kuma ya sami sararin zama a inuwa da yara uku ko huɗu.